Yadda Ake Auna Shan Man Ƙaramar Motar Dizal a Kwatanta da na Babbar Mota

Ka tambayi mai ƙaramar motar dizal nawa take sha, zai ce maka ai ba ta shan komai. Ka tambayi mai akori-kura, zai ce tasa ma da sauƙi in an dubi girmanta. Dukansu iya gaskiyarsu suka faɗa, sai dai da wuya ka sami wanda ya taɓa ɗaukar biro ya lissafa. Allurar geji suke kallo, ita kuwa ba ma'auni ba ce da za a dogara da shi. Takan daɗe a sama bayan an cika tanki, daga rabi kuma ta gangaro da sauri, domin tankin mota ba kamar bokiti yake ba, lanƙwasa shi aka yi don ya sami wurin zama a ƙarƙashin mota. A nan zan nuna maka yadda za ka auna da kanka, da yadda za ka ɗora motoci biyu masu bambancin girma a kan sikeli ɗaya ba tare da ka zalunci ɗaya ba.

Kafin awo, ya kamata a san dalilin da ya sa injin dizal ke da tattali. Lita ɗaya ta dizal, wanda wasu ke kira man gas, ta fi litar fetur ƙarfi da kusan kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari, saboda ya fi fetur nauyi. Injin kuma ba ya amfani da fulogi mai tartsatsi. Matse iska yake yi har ta yi zafin da in an fesa mai zai kama da kansa, kuma matsin yakan kai ninki 15 zuwa 20, alhali na injin fetur ya fi tsayawa wajen ninki 10 zuwa 12. Yawan matsin nan ne ke sa a tatso aiki mai yawa daga mai kaɗan, kuma a kansa Rudolf Diesel ya gina injinsa da ya yi aiki a 1897. Wannan falalar tana tare da kowane injin dizal, babba ko ƙarami. Saboda haka tazarar da ke tsakanin ƙaramar motar dizal da babbar motar dizal ba daga man take ba, daga nauyi take, da faɗin gaban mota, da girman injin da ake juyawa.

Mataki na farko: tsayar da ma'auni ɗaya

Hanya biyu ake faɗin shan mai. Wasu na cewa kilomita nawa lita ɗaya ke kai mota, wasu kuma lita nawa mota ke sha a kilomita 100. Ka riƙe ta biyun, ga dalili. A ce kana da zaɓi biyu: ka sauya motar da ke yin kilomita 8 a lita da mai yin 10, ko ka sauya mai yin 20 da mai yin 25. Ido zai ce na biyun ya fi riba, tunda an ƙara biyar. Amma a tafiyar kilomita 1,000, ta farko ta sauko daga lita 125 zuwa 100, an tsira da 25. Ta biyu ta sauko daga 50 zuwa 40, an tsira da 10 kacal. Lissafin lita a kilomita 100 ba ya yin wannan ruɗin, kuma da shi ake iya tarawa da rabawa kai tsaye. In kana so ka juya ɗaya zuwa ɗaya, raba 100 da adadin da ke hannunka.

In takardar motar daga Ingila ko Amurka ta fito, za ka ga mil a galan. Ka kula, galan ɗin ba ɗaya ba ne. Na Ingila lita 4.546 ne, na Amurka 3.785. Raba 282 da adadin in na Ingila ne, raba 235 in na Amurka ne. Motar da aka rubuta mata mil 60 a galan tana shan lita 4.7 in lissafin Ingila ne, in kuwa na Amurka ne 3.9.

Mataki na biyu: daga cikakken tanki zuwa cikakken tanki

Wannan shi ne ƙashin bayan aikin, kuma ba ya buƙatar komai sai ƙaramin littafi da biro a cikin mota.

Je gidan mai, ka tsayar da motar a wuri mai shimfiɗa, a cika tanki har famfo ya tsaya da kansa karon farko. Kada ka ce a ƙara dannawa. Dizal yana kumfa sosai, wanda ya tsaya yana ɗurawa kaɗan kaɗan bayan kumfa ya kwanta zai iya cusa ƙarin lita ɗaya ko biyu, gobe kuma wani ba zai yi haka ba, lissafinka ya lalace. Rubuta lambar kilomita da ke kan mita. Litar da aka zuba a wannan karon ba ta cikin lissafi, sharar fage ce kawai.

Yi tafiyarka yadda ka saba har tankin ya sauka ƙasa da rabi, aƙalla kilomita 400. Koma gidan man nan, famfon nan in zai yiwu, a sake cikawa zuwa tsayawar farko. Yanzu rubuta abu biyu: litar da ta shiga, da sabuwar lambar mita. Raba litar da tazarar da aka yi, ka ninka sau 100.

A ce mita na kan 48,210 a cikawar farko, ta kai 48,795 a ta biyu. An yi kilomita 585. Lita 28.4 ta shiga. Sakamako lita 4.9 a kilomita 100. A ce kuma babbar motar da kake kwatantawa ta yi kilomita 540 ta sha lita 51, ita tana kan 9.4.

Awo ɗaya bai isa ba. Yi uku ko huɗu a jere, sannan ka haɗa dukkan litocin ka raba da dukkan kilomitocin, kada ka ɗauki tsaka-tsakin sakamako ukun. In ka sayi mai a hanya ba tare da cika tanki ba, babu laifi, rubuta litar ka haɗa ta da ta cikawa ta gaba. Abin da ke ɓata lissafi shi ne mantuwa, sau ɗaya ka zuba mai ba ka rubuta ba, sai ka sake farawa.

Akwai wani tarko da masu manyan motoci suka fi faɗawa. Mita tana ƙirga juyin taya ne, saboda haka wanda ya sa taya da ta fi ta kamfani girma, mitarsa za ta riƙa nuna ƙasa da tafiyar da ya yi. Gwada ta da taswirar waya a kan tafiya mai tsawo, in akwai bambanci ka gyara lissafin da shi. Shi kuwa adadin da kwamfutar mota ke nunawa a gaban direba, ƙiyasi ne, kuma sau da yawa ya fi gaskiya daɗin ji. Yana da amfani wajen ganin ko yau ka fi jiya, amma ba a kwatanta mota da mota da shi.

Me za ka sa ran gani? Ƙananan motocin dizal irin su Volkswagen Polo, Renault Clio, Peugeot 208 ko Ford Fiesta, masu inji lita 1.4 zuwa 1.6, sukan zauna tsakanin lita 4 da 5.5 a hannun direba mai natsuwa. Akori-kura mai gida biyu irin Toyota Hilux ta fi zama tsakanin 8 da 10, manyan jif kuma sukan haura 10. In awonka ya yi nesa da nan sosai, ko dai lissafi ya kuskure ko motar na da ciwo.

Kada ka yi mamaki in adadinka ya fi na takardar kamfani. A ɗakin gwaji ake samar da wancan, kan nadi, ba tudu ba iska ba esi. Tsohon gwajin Turai mai suna NEDC ya yi ƙaurin suna wajen rage adadi, shi ya sa aka fara maye gurbinsa da WLTP daga watan Satumba na 2017. Motar da aka ƙera kafin lokacin, adadin takardarta ya fi nisa da abin da za ka gani a titi. Kada ka kwatanta takardar tsohon gwaji da ta sabo.

Mataki na uku: raba cikin gari da doguwar hanya

Ka ware tanki guda da kusan duk tafiyarsa ta cikin gari ce, da wani na babbar hanya, domin abin da ke cin mai a wuraren biyu daban ne.

A cikin gari nauyi ne ke mulki. Duk lokacin da ka tashi daga tsaye, mai ne ke tura kowane kilo na motar, da ka taka birki kuma wannan ƙarfin ya zama zafi ya bi iska. Ƙaramar mota na da nauyin kilo 1,100 zuwa 1,300, akori-kura mai gida biyu ta kai 2,000 ko ta wuce. A cunkoson da ake tsayawa ana tashi sau ɗari, babbar na biyan wannan bashin sau ɗari. Ga kuma zaman silo: injin lita 2.8 ya fi na lita 1.5 sha ko da duk biyun ba sa motsi.

A babbar hanya kuwa iska ce. Turjiyar iska ba ta ƙaruwa daidai da gudu, ninkuwa take yi: in ka ninka gudu biyu, turjiya ta ninku huɗu. Daga kilomita 90 a awa zuwa 120, ta ƙaru da kusan kashi 78 cikin ɗari. Mota mai tsayi da faɗin ƙirji ta fi jin wannan, shi ya sa jif da ke da dama dama a gudun 90 yake zama abin tausayi a 130. Amma ƙaramar ma ba ta tsira ba. Na fi ganin masu ƙananan motoci na zubar da ribarsu a nan, mutum ya sayi mota don tattali, sannan ya riƙa ba ta wuta har ƙaramin injin ya koma aiki a iyakar ƙarfinsa.

Volkswagen ta taɓa nuna inda wannan lissafin ke kaiwa in an bi shi har ƙarshe. A 1999 ta fitar da Lupo 3L, mai injin dizal lita 1.2 da silinda uku, wadda aka auna mata lita 3 a kilomita 100. Ba injin kaɗai ya yi aikin ba. An rage mata nauyi zuwa wajen kilo 830 da sassan alminiyom da magniziyom, an sa mata siraran tayoyi, an gyara jikinta don ya ratsa iska.

Mataki na huɗu: raba man da abin da aka ɗauka

A nan ne yawancin gardama ke ɓata, domin mota ba don ta yi yawo da kanta ake sayenta ba. Tambayar gaskiya ita ce, lita nawa aka kashe wa kowane mutum, ko kowane tan na kaya.

Ɗauki misalinmu. Ƙaramar mota da direba shi kaɗai, lita 4.9 ce a kansa. Babbar da direba shi kaɗai, 9.4. Babu abin tattaunawa, ƙaramar ta yi nasara da kusan rabi. In mutum huɗu ne a ƙaramar, a ce shanta ya hau 5.5 saboda nauyi, kowa ya tashi da 1.4. Har yanzu ita ce a gaba, tunda huɗun nan a babbar mota za su tashi da fiye da lita 2 kowannensu.

Amma a ce ku bakwai ne. Ƙaramar ba za ta ɗauke ku ba sai an fito da biyu, ko ɗaya ta yi sawu biyu. Motoci biyu sun sha wajen lita 10.5 a tare. Mota ɗaya mai kujera bakwai da ke shan lita 10 da cikakken lodi ta yi daidai da su ko ta ɗan fi, ga direba ɗaya, ga taya huɗu maimakon takwas. Sawu biyu kuwa ya fi muni, don akwai komawa fanko a tsakani.

A kaya abin ya fi fitowa fili. Ƙaramar mota da ta ɗauki kilo 400 tana shan 5.5, kowane tan ya ci kusan lita 14. Akori-kura da tan ɗaya a baya tana shan 11, tan ya ci 11. Tirela mai ɗauke da tan 25 da ke shan wajen lita 33, tan ɗinta bai kai lita ɗaya da rabi ba. Motar da ta fi kowa sha ita ce ta fi kowa tattali, muddin cike take.

Saboda haka ka ɗauki mako biyu kana rubuta mutum nawa ne a motar a kowace fita, da abin da ke cikin but. Ka yi gaskiya a nan. Mutane da yawa na sayen babbar mota saboda tafiya biyu ko uku a shekara, sauran ranakun kuwa kujeru shida fanko suke jigila. A ganina wanda lodinsa mai yawa bai wuce 'yan kwanaki a shekara ba, gara ya riƙe ƙarama ya yi hayar babba ranar da buƙata ta taso.

Mataki na biyar: kawar da abin da ke gurɓata kwatance

Kafin ka yanke wa mota hukunci, tabbatar lafiyarta ƙalau. Duba iskar taya da safe kafin ta yi zafi, ka bi adadin da ke manne a jikin ƙofar direba, ba wanda aka rubuta a gefen taya ba, wancan iyaka ce. Sauke kariyar saman mota in ba kaya, kwashe tarkacen but. Filtar iska da ta toshe, birki mai kamawa, alaimen da ya goce, nozul mai yoyo, kowannensu na ƙara sha. Baƙin hayaƙi daga salansa mai ne da bai ƙone ba.

Tuƙi ma ya zama iri ɗaya a motocin biyu. Injin dizal na ba da ƙarfinsa tun yana juyi kaɗan, wajen 1,500 zuwa 2,500 a minti, saboda haka sauya giya da wuri, kusa da 2,000, amma kada ka bar shi yana kakkarwa a babbar giya. Hango gaba ka ɗaga ƙafa daga totur tun da nisa. Kada kuma ka saka firi a gangara. Injin zamani na yanke mai gaba ɗaya in ka ɗaga ƙafa motar na cikin giya, a firi kuwa dole ya sha na silo, ga hatsarin barin dukkan nauyin motar a kan birki.

Mataki na shida: abin da littafin mai ba ya nunawa

Wannan matakin ne nake so mai shirin saye ya fi tsayawa a kai. Motocin dizal da aka ƙera don kasuwar Turai tun daga ƙa'idar rage hayaƙi ta Euro 5 ta 2009 suna da matatar toka a cikin salansa, wadda ake kira DPF. Tana tara baƙin hayaƙi, lokaci lokaci kuma injin ya fesa ƙarin mai don zafi ya kai wajen digiri 600 ya ƙone abin da ta tara. Wannan na buƙatar tafiya mai ɗorewa ta minti 15 zuwa 20 da injin da ya yi zafi. Wanda fitarsa kullum kilomita uku ko huɗu ce, injin bai gama ɗumi ba ya kashe, ƙonawar ba za ta kammala ba. Matatar ta toshe, shan mai ya hau, wani lokaci dizal ya zurara cikin baƙin mai har ka ga ya ƙaru a kan sandar awo. Injin dizal dama ya fi na fetur jinkirin ɗumi, kuma a sanyinsa ba shi da tattalin da aka san shi da shi. Mai irin wannan zirga-zirgar, ƙaramar motar fetur ko mai haɗin batir ta fi dacewa da shi.

Irin man ma abin dubawa ne. An tsara waɗannan injinan ne don dizal mai ƙarancin farar wuta, wanda a Turai bai wuce kashi 10 cikin miliyan ba, a Amurka 15. In man da ke samuwa a inda kake ya fi haka nesa, matatar da sauran kayan tace hayaƙi ba za su yi tsawon rai ba. Baƙin man inji kuma sai mai ƙarancin toka da littafin motar ya ambata. Yawancin sababbin motoci na ƙa'idar Euro 6 na da wani ƙaramin tanki na AdBlue, ruwan da ke rage gubar hayaƙi, in ya ƙare motar ba za ta sake tashi ba bayan an kashe ta, saboda haka shi ma ya shiga littafinka.

Kada kuma a ɗauka ƙarancin sha na nufin tsabtar hayaƙi ta kowace fuska. Litar dizal na fitar da wajen kilo 2.6 na iskar kabon, ta fetur 2.3, tattalin injin ne ke rufe giɓin. Amma dizal ya fi fitar da iskar NOx, haɗin naitirojin da oksijin mai cutar da huhu, kuma a kanta ne aka kama Volkswagen a watan Satumba na 2015 da manhajar yaudarar gwaji a motoci kusan miliyan 11. Wanda ya cire DPF don ya huta da gyara, mutanen da ke bayansa a titi ne ke shaƙar abin da ya guje wa.

Mataki na bakwai: lissafin shekara

Duba mitarka ka san kilomita nawa kake yi a shekara. Ninka shi da shan kowace mota, ka raba da 100. Mai yin kilomita 20,000, ƙaramar misalinmu za ta sha lita 980, babbar 1,880, tazara lita 900. Mai yin 6,000 kacal, 294 ne da 564, tazara lita 270. Ninka tazarar da kuɗin lita a inda kake. Daga nan ka ƙara bambancin kuɗin taya da sabis, tunda babbar ta fi cin baƙin mai kuma tayarta ta fi tsada, ka cire kuɗin hayar babbar mota na ranakun da ƙaramar ba za ta iya ba. In kuma sauya mota za ka yi, raba cikon kuɗin da za ka biya da abin da lissafin nan ya nuna za ka tsira da shi a shekara, zai ba ka yawan shekarun da za ka yi kafin ka mayar da shi. In shekarun sun fi waɗanda kake sa ran riƙe motar, bar wadda kake da ita, ka ci gaba da rubuta kowace cikawa, domin ranar da 4.9 ta koma 5.8 ba tare da hanya ko lodi sun sauya ba, lokacin kai ta wurin bakanike ya yi.